Tourmalet da hukuncin da har yau bai kwanta min ba

Masu cewa tseren keke wasan yara ne, don Allah ku je ku kalli ranar da Tour de France, babban tseren keke na Faransa, ta bi ta Col du Tourmalet. Mashiga ce a tsaunukan Pyrenees, kudancin Faransa kusa da iyakar Sifen, tsayinta mita 2,115, in ka taso daga ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan hawa ne na kilomita 17 babu inda ƙafa za ta huta, iska tana raguwa, cinya tana wuta. Tun 1910 ake hawanta, kuma Octave Lapize da ya fara kaiwa ƙololuwa a shekarar sai da ya sauka ya tura kekensa a wasu wuraren.

Amma ni wanda ya tsaya min a rai Eugène Christophe ne. A 1913 yana gangarowa daga Tourmalet ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya karye, kuma dokar lokacin ta ce ba mai taimaka maka, kai za ka gyara abinka. Bawan Allah ya saɓa keke a kafaɗa ya taka kilomita 10 ko fiye har ƙauyen nan, ya shiga maƙera ya kama guduma da kansa, alƙalan tsere na tsaye a kansa suna kallo. To hannu biyu gare shi, ɗaya na riƙe ƙarfe ɗaya na duka, wa zai zuga wuta? Sai wani yaro ya ja masa zugazugi. Wai shi ne laifin, aka ƙara masa minti 10 a kan awannin da ya riga ya yi asara!

Wallahi wannan zalunci ne, duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san ba a ƙira ba mai zuga. Na ji masu cewa doka doka ce, naam, amma mutumin da ya ƙi hawa mota ya ƙi janyewa, me ya ci na wani?

Haka ya koma kan keke ya ƙarasa, ya gama tseren a na 7. Shi aka fara sanya wa rigar nan mai ruwan ɗorawa, wadda mai jagorancin tseren ke sawa, a 1919, bai taɓa cin Tour ba har ya bar duniya, kuma duk shekarar da ayarin ya ratsa Sainte-Marie-de-Campan ni maƙerar nan nake nema a talabijin, ba wanda ke gaba ba.