Hanyar keke a gandun tsaunuka: hana mota shiga ba shi ne ƙarshen aiki ba

A tsibirin Mount Desert da ke jihar Maine ta Amurka, cikin gandun dajin ƙasa na Acadia, akwai hanyoyin tsakuwa masu tsawon mil 45 waɗanda mota ba ta hawa. Wanda ya zuba kuɗin gina su tsakanin 1913 da 1940 shi ne John D. Rockefeller ƙarami, ɗan attajirin da ya kafa kamfanin mai na Standard Oil. Wato dukiyar man fetur ce ta shimfiɗa hanyar da aka haramta wa mota. Shi mutumin keken doki yake so, ba ya son ƙarar inji ta biyo shi cikin daji. Yau masu tafiya a ƙasa da mahaya keke ne suka fi cin moriyar abin da ya bari.

A ganina, irin waɗannan hanyoyi suna cikin mafi amfanin abin da hukumar gandun daji mai tsaunuka za ta iya yi wa jama'a. Sai dai masu yabonsu sukan ɗora yabon inda bai dace ba. Yanzu ana yayin keken tsakuwa, wanda kansa ke lanƙwashe kamar na keken tsere amma tayarsa ta fi kauri, galibi milimita 35 zuwa 50. Har hukumar tseren keke ta duniya ta soma shirya masa gasar duniya a 2022 a yankin Veneto na Italiya. Amma mai irin wannan keke, da ƙarfin cinyarsa da giyar kekensa, ba shi ne ya fi buƙatar hanyar da babu mota ba. Wanda ya fi buƙatarta shi ne yaron da bai daɗe da koyon taka feda ba, da dattijuwar da ta daina hawa keke saboda tsoron titi, da mai keken guragu. Titin cikin tsauni ƙunci gare shi, kwana a kan kwana, ga direba baƙo da idonsa ke kan duwatsu maimakon gabansa. Babu uban da zai saki ɗansa a irin wannan wuri.

To, ina ake samun hanya mai sauƙin hawa a ƙasar da ko'ina tudu ne da gangara? A Birtaniya, injiniyoyin layin dogo na ƙarni na 19 ne suka riga suka yi wahalar. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsayi kai tsaye, don haka suka fasa duwatsu, suka cike kwaruruka, suka gina gadoji, har hanya ta kwanta. Bayan rahoton Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar rage layukan dogo na ƙasar, an rufe layuka masu yawa, kuma a kan wasunsu ne keke ke gudu yanzu. A gandun Eryri na Wales, hanyar Mawddach tana bin tsohon layin da aka rufe a 1965, kimanin kilomita 15 daga Dolgellau zuwa Barmouth, kogi a gefe ɗaya, tsaunin Cadair Idris a ɗaya gefen, kuma kusan babu hawa ko kaɗan. A gandun Peak District, wanda shi ne na farko a ƙasar tun 1951, akwai hanyar Tissington mai mil 13 da aka buɗe a 1971, da hanyar Monsal mai mil 8 da rabi. Jirgi ya daina bin ta Monsal a 1968, amma sai a 2011 aka buɗe dogayen ramukan da suka ratsa cikin dutse, aka sa musu fitilu, mai keke ya samu wucewa ba tare da zagaye ba. Wani abin ban dariya: lokacin da aka gina layin, marubuci John Ruskin ya yi tir da shi, yana ganin an ɓata kwarin. Gadar Headstone da aka gina a wancan aiki ita ce yanzu baƙi ke tsayawa su ɗauki hotonta.

Ƙa'idar da nake goyon baya ke nan: a nemi tsohon layin dogo, ko hanyar masu yankan katako, ko ta masu haƙar dutse, a gyara ta, kafin a yi tunanin kai katafila gefen tsaunin da ba a taɓa taɓawa ba. Gandun daji ba filin wasa kaɗai ba ne. Tun 1974 Birtaniya ke da ƙa'idar Sandford, wadda ta ce idan kare muhalli da jin daɗin baƙi suka yi karon da ba shi da sulhu, kare muhalli ne a gaba. Kuma ba kowane ƙoli ne ya kamata taya ta taka a kowane lokaci ba. A Yr Wyddfa, tsauni mafi tsayi a Wales mai mita 1,085, akwai yarjejeniyar sa-kai cewa masu keke ba sa hawa ko sauka ta hanyoyin ƙoli daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Satumba. Babu wanda aka kora, lokaci kawai aka raba.

Abin da ba a cika faɗa ba ranar yanke kintinkiri shi ne, babban abokin gabar hanyar tsakuwa a tsauni ruwa ne, ba taya ba. Ruwan sama na gangarowa da ƙarfi, idan bai samu mafita ba sai ya mai da hanyar kanta lambatu, ya kwashe tsakuwa, ya bar kwazazzabo. Maginan Acadia sun san haka. Sun jera duwatsu hawa uku, manya a ƙasa, ƙanana a sama, suka ɗaga tsakiyar hanyar ta yi ƙusumbi don ruwa ya zube gefe, suka haƙa magudanu da kwalbatoci na dutse. Duk da wannan ƙwarewa, da Rockefeller ya rasu a 1960 aka rasa mai ɗaukar nauyin gyara, sai ciyayi suka toshe magudanu, hanyoyin suka lalace, har sai da aka yi musu gagarumin gyara tsakanin 1992 da 1995, aka kuma kafa asusu na musamman don kula da su. Har yau, a lokacin da ƙanƙara ke narkewa ƙasa ta yi taɓo, hukumar gandun kan rufe hanyoyin na ɗan lokaci, domin sawun taya ko na ƙafa a jiƙaƙƙiyar hanya shi ke zama mafarin zaizaya. Duk hukumar da ta samu kuɗin gini amma ba ta tanadi na yashe kwalbati kowace shekara ba, gara ta haƙura da aikin tun farko.

Wannan matsalar ce ta haifar da rigimar garin Keswick a gandun Lake District na Ingila. A Disamban 2015 guguwar Desmond ta tafi da gadoji biyu na hanyar da ke bin tsohon layin dogo daga Keswick zuwa Threlkeld, mai kimanin kilomita 5. Da aka zo sake ginawa, hukumar gandun ta zaɓi kwalta maimakon tsakuwa. Mutanen gari da dama suka ce atafau, an kawo musu titin birni cikin daji. Hukumar ta kafa hujja da juriyar ambaliya, da sauƙin kulawa, da kuma masu keken guragu da masu tura jarirai. An kashe kusan fam miliyan 8, aka buɗe a Disamban 2020.

Ni a nan ina tare da hukumar, duk da cewa tsakuwa na fi so. Hanya ce a bakin kogi mai ambaliya, gajeriya, a ƙofar gari. Wanda ya dage sai tsakuwa a irin wannan wuri, ya sani cewa wani yake hana shiga. Inda nake ja da baya shi ne a mai da kwalta amsar kowace tambaya. Tsakuwar da aka daddage da kyau tana rage gudun keke ba tare da an kafa allon gargaɗi ba, kuma ƙarar taya a kanta tana sanar da mai tafiya a ƙasa cewa wani na tafe a bayansa. Can cikin daji, nesa da gari, waɗannan abubuwa biyu sun fi santsi daraja.

Gudu kuwa shi ne tushen yawancin saɓanin da ke tsakanin masu amfani da hanyar. Dokar 1968 da ta bai wa masu keke izinin bin hanyoyin dawaki a Ingila da Wales ta gindaya sharaɗin su ba masu ƙafa da mahaya doki hanya. Keke mai batir bai canja wannan ba. A dokar Birtaniya injinsa ba ya wuce wat 250, kuma yana daina taimakawa idan gudu ya kai kimanin kilomita 25 a awa. Irinsa ne ke mayar da mai ciwon gwiwa kan hanya, don haka ban ga dalilin hana shi ba. Wanda aka cire wa takunkumin gudu kuwa babur ne, a bi da shi a matsayin babur.

Saura gyara ɗaya, kuma shi ne aka fi kawar da kai a kansa. Ana kiran waɗannan hanyoyi marasa mota, alhali yawancin masu hawansu da mota suke zuwa, keke a ɗaure a bayanta. Cunkoson bai ɓace ba, ƙaura ya yi zuwa bakin hanya da ƙauyukan da ke kusa. Hanyar Monsal misali ce: garin Bakewell da ke kusa da ƙarshenta ɗaya ba shi da tashar jirgi, ɗaya ƙarshen kuma ya tsaya 'yan mil kaɗan kafin Buxton, inda tashar take, ga babban titin A6 a tsakani. Iyalin da suka sauka daga jirgi da yara ba su da hanyar kai wa ga wurin da aka gina dominsu cikin kwanciyar hankali. Ta Mawddach ta fi dacewa, domin jirgin ƙasa mai bin gaɓar teku na tsayawa a Barmouth da Morfa Mawddach, daf da hanyar. A Acadia kuma akwai motocin bas na kyauta a lokacin baƙi, masu wurin ɗora keke. Da ni ke raba kasafin gandun Peak District, waɗannan 'yan mil da suka rage zuwa Buxton zan fara biya kafin kowace sabuwar hanya.