Fitilar kakan maƙwabciyata da kwanon sarkin kakana

A falon maƙwabciyata, wata dattijuwa da muke zaune layi ɗaya a kudancin Wales, a ƙasar Birtaniya, akwai fitilar tagulla da ke kan kanta sama da murhu, kuma duk ranar Asabar sai ta sauko da ita ta goge har ta ɗauki ido. Fitilar kakanta ce, irin wadda masu haƙar kwal ke shiga rami da ita, mai ragar waya kewaye da harshen wuta don kada ta kunna iskar gas ɗin da ke taruwa a ƙarƙashin ƙasa. A gindinta akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da kwabo, an buga masa lamba. Ta bayyana mini cewa da shi ake sanin wanda ya sauka, domin idan aka tashi aiki aka ga lambar mutum ba ta koma mazauninta ba, to yana can ƙasa, ko da rai ko babu.

Mutanen nan ba su manta dalilin wannan lissafi ba. A ramin kwal na garin Senghenydd, ranar 14 ga Oktoba 1913, fashewa ɗaya ta kashe mahaƙa 439, a ƙauyen Aberfan kuwa, a 1966, tarin dattin kwal ya zamo daga kan tudu ya danne makarantar firamare, aka rasa mutum 144, cikinsu har da yara 116. Bayan yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 ramukan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ramin Big Pit da ke Blaenavon, wanda ya daina aiki a 1980, an mayar da shi gidan tarihi, inda ake saukar da baƙi zurfin mita 90 su ga yadda iyaye da kakanni suka ci abinci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda wannan mata ta bi sawun zuriyarta ta cikin takardu. Tun 1837 ake rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales, kuma takardun ƙidayar jama'a, waɗanda ake ɓoyewa har sai sun cika shekara 100, suna ɗauke da sunayen mutanen kowane gida tun daga 1841. Da aka buɗe na 1921 a shekarar 2022, ta tarar da sunan kakanta da shekarunsa da kamfanin da yake wa aiki, ta buga ta manna kusa da hoton aurensa. Mutumin nan bai taɓa riƙe sarauta ba, bai bar gida ko gona ba, ciwon tari na shaƙar ƙurar kwal ne ma ya yi ajalinsa, amma jikarsa tana ambatonsa kamar yadda ɗan sarki a wajenmu yake ambaton kakansa.

A nan ne na ga inda muka bambanta, kuma a ganina ba rashin takarda ne kaɗai ya jawo shi ba. Ta fuskar riƙe asali da ka, mun fi su nesa ba kusa ba. Gwaggona tana iya jero kakanni shida ba tare da ta tsaya tunani ba, ta faɗi garin da kowa ya fito da wadda ya aura, alhali maƙwabciyata sai da ta biya kuɗi a intanet kafin ta san sunan uban kakanta. Muna kuma da abin da muke adanawa. Gidan malamai ba ya wasa da Alƙur'ani rubutun hannu da ke cikin gafaka, gidan sarauta kuma yana riƙe da takobi da alkyabba. Matsalar ita ce mun ware wa tarihi mutanensa, wato sarakai da malamai da attajirai, muka bar lebura a waje, kamar guminsa ba abin ba da labari ba ne.

Alhali mu ma mun shiga rami. Dubban Hausawa sun yi aikin haƙar kuza a tsaunukan Jos, wajejen Bukuru da Barikin Ladi, wasu don neman kuɗin haraji, wasu kuma kwaso su aka yi ta aikin tilas a shekarun yaƙin duniya na biyu, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda suka je da ƙafarsu, ya yi shekaru yana ɗaukar ƙasa a ka. Na girma a gidan da ake yawan faɗin malamin da muka fito daga tsatsonsa ta wajen uba, amma zaman Bukuru sai dai a ce "lokacin da ya tafi bariki", a sauya magana. Ko a rabon gado, abin da ke da kuɗi ake ƙiyastawa a raba, wanda ba shi da kuɗi kuma a bar wa gara da ruwan damina.

Ba na cewa mu ɗauko al'adar Turawa ta jera kayan matattu a falo, domin ba kowane gida ne zai yarda da ita ba, kuma addu'ar da muke yi wa magabata ta fi musu amfani. Sai dai tsofaffin da suka san waɗannan labarai suna ƙarewa, ga waya a hannun kowa da za ta iya naɗar muryarsu cikin rabin sa'a.

Makon jiya na kira yayar mahaifiyata na ce, "Inna, ko akwai wani abu da ya rage na zaman Kaka a Bukuru?" Ta yi dariya, ta tambaye ni ko lafiya, sannan ta ce ya dawo da bargo ɗaya da kwanon sarkin da yake ɗaukar ƙasa da shi. Bargon an ba wani almajiri bayan rasuwarsa. Kwanon kuwa an daɗe ana ba awaki ruwa a ciki, har ya yi tsatsa ya huje, yara suka sayar wa masu gwangwan.