Lauyan da ya loda littattafai a kumbo

Akwai masu ganin babban malamin shari'a bai kamata ya ɓata lokacinsa wajen rubuta tatsuniyar taurari ba. Ni dai rayuwar Jon Bing na ƙasar Norwe ta sa na daina yarda da su.

An haife shi a garin Tønsberg a 1944, ya rasu a 2014. Tun yana ɗalibi a Jami'ar Oslo ya haɗu da marubuci Tor Åge Bringsværd, suka zama kamar zare da allura. A 1967 suka fitar da tarin gajerun labaransu na farko. Ba su yarda su ari sunan Turanci na science fiction su liƙa wa aikinsu ba, sai suka ƙera kalmarsu, fabelprosa, wato zube mai ruhin tatsuniya. Wannan kaɗai ya isa a jinjina musu, ganin masu jin harshen nasu ba su wuce miliyan 5 da ɗoriya ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Blindpassasjer, wasan da suka rubuta wa gidan talabijin na NRK a 1978. Ma'aikatan wani kumbo suna kan hanyar komawa gida, sai suka gano an musanya ɗayansu da wata halitta ta roba mai kama da shi sak. Fuska ɗaya, murya ɗaya. To wa za a yarda da shi, kuma da wace hujja? A wannan shekarar ce majalisar Norwe ta yi dokarta ta farko kan adana bayanan mutane. Shi kuwa Bing, tun 1970 yake tare da farfesan shari'a Knut Selmer suna gina cibiyar nazarin kwamfuta da shari'a a Oslo, lokacin da kwamfuta ɗaya ke cinye ɗaki guda. Tambayar da ke cikin kumbon ita ce ke kan teburinsa na jami'a: me ke tabbatar da cewa kai ne kai, idan na'ura ta riƙe bayananka?

Za a ce ai sa'a ce, ba kowane marubuci ke zama farfesa ba. Haka ne. Amma doka kullum a baya take zuwa, sai ɓarna ta auku ake neman alƙali. Wanda ya saba zama ya hango abin da bai faru ba tukuna, shi ke iya rubuta doka kafin aski ya zo gaban goshi.

Ga yara kuma ya rubuta labaran kumbo Alexandria, farawa daga 1975. Ba jirgin yaƙi ba ne, ɗakin karatu ne mai yawo daga wannan duniya zuwa waccan, yana kai wa mutane ilimin da ya ɓace musu. Mutumin da ya tsara wannan kumbo shi ne aka naɗa shugaban Majalisar Al'adu ta Norwe a 1993, ya riƙe kujerar har 2000.