Kafin Ku Yi Murnar An Kashe Wani A Asirce

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da take yaɗuwa a tsakaninmu wadda ya kamata mu duba ta da idon basira. Da zarar wata gwamnati ta sanar cewa jirginta marar matuƙi ko dakarunta na musamman sun hallaka wani da ta kira ɗan ta'adda, sai a hau murna ana yaɗa labarin, babu mai tambayar wanda ya ba da umarni, ko hujjar da aka dogara da ita, ko wanda zai binciki abin da ya auku. Ba ina kare masu zubar da jinin bayin Allah ba ne, kuma na yarda akwai lokacin da ƙasa ba ta da halin kama mai shirin kai mata hari sai dai ta riga shi. Abin da nake jan hankalinku a kai shi ne, a kisan ɗauki ɗai-ɗai na sirri, wanda ya yi tuhuma shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa, kuma daga bakinsa kaɗai ake jin yadda aka yi.

Amurka ta taɓa ɗanɗana illar wannan. A shekarar 1975 kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church ya bankaɗo cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ta ƙulla makircin kashe shugabannin wasu ƙasashe, ciki har da Fidel Castro na Kyuba da Patrice Lumumba na Kongo. Wannan ne ya sa Shugaba Gerald Ford ya haramta kisan siyasa da umarnin shugaban ƙasa a 1976, majalisun biyu kuma suka kafa kwamitocin dindindin masu sa ido kan ayyukan asiri. Amma bayan harin 11 ga Satumba 2001, lauyoyin gwamnati suka ce kashe abokin gaba a yaƙi ko don kare kai bai shiga cikin haramcin ba, sannan aka faɗaɗa ma'anar fagen yaƙi har ta kai ƙasashen da ba a yaƙi da su. A Nuwamba 2002 jirgi marar matuƙi ya kashe mutum 6 a cikin mota a Marib ta ƙasar Yaman. Haramcin da Ford ya fara kafawa yana nan a rubuce, an dai bi ta gefensa.

Ku lura da batun Anwar al-Awlaki, malamin da Amurka ta zarga da ta'addanci, wanda kuma ɗan ƙasarta ne. Mahaifinsa ya kai ƙara a 2010 yana neman a hana kashe ɗansa ba tare da shari'a ba, kotu ta kori ƙarar, ta ce irin wannan hukunci ba huruminta ba ne. An kashe Anwar a Yaman a ƙarshen Satumba 2011, bayan mako biyu kuma wani harin ya kashe ɗansa mai shekara 16, wanda gwamnati ta ce ba shi aka nufa ba. Takardar da ta bayyana hujjar shari'a ta kisan uban ba ta fito fili ba sai 2014, shi ma sai da kotu ta tilasta. Ko mene ne ra'ayinku game da mutumin, ku tambayi kanku: idan gwamnati ta ɓoye har fassarar dokar da take kisa da ita, da me talaka zai gane cewa ta ƙetare iyaka?

Ɓoye ranar hari da sunan wanda ya kawo bayanan sirri abu ne da hankali zai ɗauka, domin rayuka sun rataya a kansa. Ɓoye ƙa'idojin da ake bi, da adadin fararen hular da suka mutu, da sakamakon bincike bayan an gama, wannan kam ba tsaron ƙasa yake karewa ba, jami'ai yake karewa. A 2016 gwamnatin Obama ta ce hare-harenta a wajen fagagen yaƙi sun kashe fararen hula tsakanin 64 da 116 daga 2009 zuwa 2015, adadin da masu bincike masu zaman kansu suka ce ya yi ƙasa ƙwarai. Duk da haka an fara ba da lissafi, sai kuma aka soke wajabcin wannan rahoto a 2019 da sa hannun mutum ɗaya, wato shugaban ƙasa, kamar yadda aka kafa shi. Shi ya sa sa ido na gaskiya yake buƙatar dokar majalisa, da binciken da ba ya ƙarƙashin waɗanda suka kai harin, da diyya ga waɗanda aka zalunta.

A cikinku akwai sojojin gobe, da lauyoyi, da 'yan jarida, da 'yan majalisa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari don kada mu cuci wasu cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama, kuma wannan gargaɗi ya fi nauyi a kan wanda yatsansa yake kan maɓallin makami. Sai dai mai yaɗa sanarwa ma yana da nasa kason, domin tafin jama'a ne yake sa hukuma ta ga babu buƙatar yin bayani.

Ga misali: a ranar 29 ga Agusta 2021 jirgin Amurka ya harbi wata mota a Kabul, babban hafsan sojojin Amurka na lokacin, Janar Mark Milley, ya ce hari ne da aka kai bisa gaskiya. Binciken 'yan jarida ne ya nuna cewa direban ma'aikacin agaji ne, kuma jarkokin ruwa ya ɗauko. Mutum 10 suka mutu, 7 daga ciki yara ne. A 17 ga Satumba rundunar ta amsa kuskurenta, a Disamba kuma ma'aikatar tsaro ta sanar cewa babu jami'in da za a hukunta.