Sun tsani sarakunan, amma suna gyara musu katanga

A gindin Hasumiyar Kutub da ke Delhi, wani mai yi wa baƙi jagora yana gaya wa ɗalibai cewa waɗanda suka gina ta mahara ne, ɓarayin ƙasa. Maganar ta yi mini zafi. Amma taku kaɗan daga inda yake tsaye, ga ma'aikata a tsugune suna cike tsagar dutse a hankali. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Kutubuddin Aibak, bawa Baturke da ya zama sarkin Delhi a 1206, shi ya fara hasumiyar. Iltutmish ya ɗora hawa uku, Firuz Shah Tugluk ya gyara ƙololuwarta bayan tsawa ta faɗa mata. Tsawonta mita 72 da rabi, matakala 379, jan dutse da farin marmara, ayoyin Alƙur'ani sassaƙe sun zagaye ta kamar ɗamara. Gidajen sarauta biyar suka riƙe Delhi, Mamluk, Khalji, Tugluk, Sayyid da Lodi, har Babur, wanda ya kafa daular Mughal, ya ci Ibrahim Lodi da yaƙi a Panipat a 1526.

Ba zan wanke su tas ba. Rubutun da ke ƙofar masallacin Ƙuwwatul Islam da kansa ya ce da duwatsun wuraren bauta 27 aka gina shi, kuma ga sassaƙen Hindu nan a jikin ginshiƙan. Ciwon bai warke ba: an sauya wa birnin Allahabad suna zuwa Prayagraj a 2018, an rushe masallacin Babri a 1992. Duk da haka, doka ta hana sabon gini cikin mita 100 daga gine-ginen tarihi irin su Kutub, mita 200 na gaba kuma sai da izini.

Gyaran ma da ƙa'ida. Ba a sa siminti. Ana jiƙa farar ƙasa ta kwana da yawa, a haɗa da garin jan bulo da yashi, wani lokaci da mazarƙwaila. Dalili shi ne siminti yana kulle danshi a cikin bango, gishiri ya taso ya ci dutsen daga ciki, farar ƙasa kuwa tana barin bango ya sha iska. A kabarin Sarki Humayun, ɗan Babur, da ke Delhi, sai da aka kwashe kankare kimanin kilo miliyan ɗaya da aka lafta wa rufin a baya kafin gyaran ya kammala a 2013.

To mu fa? Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano kafin a aza tubalin farko na Kutub. Babu wanda yake kiran Gijimasu mahari, kowa alfahari yake da shi. Amma kun fi ni sanin halin da ganuwar take ciki: nan an haƙe ƙasa, can an kafa shago, gaba juji ne.

Za a ce nasu dutse ne, namu ƙasa. Gaskiya ne, amma hasumiyar masallacin Agadas ma ƙasa ce, ga ta nan tsaye, domin ana yi mata yaɓe. Ginin ƙasa ba ya neman komai sai a dawo gare shi kafin damina. Magabatanmu sun san makuba daga kwasfar ɗorawa, sun san laso na katsin marina da gashin jima da dafara, wanda ruwa ke zamewa a kansa. Yanzu da an ce gyara, sai a yaɓa siminti a kan jar ƙasa, ruwa ya shiga ta baya, bayan damina biyu ko uku ya ɓallo da rabin bangon.

Masassaƙan da ke aiki a Delhi, da yawansu gadon sana'ar suka yi, kuma ana biyansu. Mu kuwa maginan da suka iya murza tubali da jera azara sun tsufa, 'ya'yansu sun koma buga bulo, marinar da ake samun katsin ma tana raguwa. Yaro nawa ne a Kano yau zai iya kwaɓa laso ba tare da an tsaya a kansa ba?