Farin ɓawon buta bai kai bututun cikin kwata haɗari ba

A gidaje da yawa na Kano, idan aka tashi kushe ruwa abu biyu ake kawowa: sabulu ba ya kumfa, kuma butar shayi ta yi farin ɓawo a gindi. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ruwan nan zai sa wa mutum tsakuwar ƙoda. A ganina mun tsare ƙofar da ɓarawo ba ta nan yake shigowa ba.

Farin ɓawon nan kalsiyam ne da magnesiyam, waɗanda ruwa ke kwasowa daga ƙasa da duwatsun da ya ratsa. Wani kaso nasu yana rabuwa da ruwan idan ya tafasa, ya kwanta a jikin buta ko hita. Sauran kuwa tafasa ba ta taɓa shi, shi ne ke ci gaba da cinye sabulu. Ana auna yawansu da miligiram a kowace lita: ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, daga 120 zuwa 180 ya yi nauyi, sama da haka ya yi nauyi ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta fitar a 2007, ta tsayar da iyaka a 150. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta sa masa wata iyaka don kare lafiya ba, saboda ba ta ga hujjar cewa yana cutar da mai sha ba. Ɓarnarsa ta aljihu ce: sabulu ya ƙare da wuri, hita ta ƙara cin wuta, kan shawa ya toshe. Ruwan lemon tsami a cikin buta, a ɗumama a bar shi ya jiƙa, ya wadatar.

Kuma yawancin masu wannan kuka ba ruwan gwamnati suke sha ba. Ruwan da ake tacewa a Challawa da Tamburawa na kogi ne, wanda madatsun Tiga da Challawa Gorge ke saki, kuma ruwan kogi a ƙasa irin tamu bai cika ɗaukar waɗannan ma'adinai ba. Mai zartsin ya fi fitowa daga rijiyoyi da burtsatse, wato daga jarkokin 'yan garuwa.

Matsalar ruwan kogi daban ce. Yana zuwa da laka, musamman da damina. A gidan ruwa ana zuba alam don lakar ta dunƙule ta kwanta, a tace da yashi, sannan a sa kulorin. Alam yana ƙara wa ruwa tsami, don haka dole a bi shi da farar ƙasa har ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Idan aka yi tsimin farar ƙasa, ruwa mai laushi da tsami zai riƙa cin bututun ƙarfe daga ciki, shi ya sa wani lokaci famfo ke fara zubo da ja. Idan aka yi tsimin alam, lakar da ta rage tana ɓoye ƙwayoyin cuta daga kulorin. Ƙa'ida ta yarda da lakar da ba ta wuce 5 a NTU, ma'aunin laka a ruwa, ba, amma mai aikin da ya san hannunsa ƙasa da 1 yake nema.

Ko da an yi duk wannan daidai, babban haɗarin yana kan hanya. Bututun da ke cike da ruwa dare da rana, idan ya tsage, waje yake feshi. Wanda ake ba ruwa yau a ɗauke gobe, da zarar ya zama fanko sai ya koma tsotsa. Duk mai yawo a lungunan cikin gari ya ga bututun roba kwance cikin kwata, an ɗaure mahaɗarsa da tsohon tiyub. Ta nan ruwan kwata ke shiga, ya jira ranar da za a kawo ruwa. Masu haɗa injin ja kai tsaye da babban layi suna ƙara wa tsotsar ƙarfi, su da maƙwabtansu duka. Kulorin ɗin da ya kamata ya tare wannan, aƙalla miligiram 0.2 a lita a bakin famfo, zafi da nisa da tsatsa suna cinye shi kafin ya kai unguwannin ƙarshen layi. Taifod da amai da gudawa ta wannan hanya suke zuwa, kuma ruwan da ke ɗauke da su yana iya zama garau, ya yi kumfa yadda ake so.

Shi ya sa ƙaramar na'urar awon TDS da masu tallar injin tacewa ke tsomawa a kofi ba ta burge ni. Yawan gishirin da ya narke a ruwa kawai take faɗa, ba ta san ƙwayar cuta ba. Dabararsu ta tsoma ƙarafa biyu a sa wuta ruwa ya koma ruwan ƙasa kuwa, launin daga ƙarfen yake fita.

A gida, idan an kawo ruwa bayan ɗaukewa, a bar na farko ya zuba har ya washe, a yi wanki da shi. Na sha a tafasa har ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya, a adana a mazubi mai ƙaramin baki. Tankin sama yana bukatar murfi da wanki duk wata shida. Mai burtsatse ya kai ruwansa awo, musamman idan ramin masai bai kai mita 30 daga rijiyar ba: a duba E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, wadda bai kamata a samu ko ɗaya a mililita 100 ba, da sinadarin naitiret, wanda iyakarsa miligiram 50 ce a lita. Shi wannan tafasa ba ta fitar da shi, tattara shi take yi, kuma jariran da ake dama wa madara ya fi yi wa illa.

Abin da ya rage na Hukumar Ruwan Sha ta Jihar Kano ne. Awon kulorin ba ya bukatar kwangila, ƙwayar DPD ce, mai canza launin ruwa idan akwai kulorin, da ƙaramar kwalba, minti biyu an gama. A riƙa ɗibar ruwa a famfunan Kurna, Hotoro, Ɗorayi da Brigade, ba a bakin gidan ruwa kaɗai ba, a fitar da sakamakon kulorin, laka, pH da E. coli kowane wata, unguwa-unguwa, a rediyo da intanet. Inda awon kulorin ya faɗi ƙasa da 0.2 sau biyu a jere, can ya kamata a fara tono a ɗaga bututu daga kwata.