Kuɗin makarantar daga aljihun wa zai fito?

Wallahi na so in yi shiru, amma bawan Allahn nan da ya ɗauki bidiyo jiya yana ba gwamnoninmu shawara ya hana ni sakat. Wai tunda Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke a 2024 cewa harkar caca ta jihohi ce, to a bar injinan caca a mashayu "kamar yadda ake yi a Amurka", a gina makarantu da harajin, ƙananan hukumomi su ma su samu na cefane. Sannu masanin tattalin arziki! Kai a TikTok ka ga Amurka, mu a cikinta muke kwana muke tashi.

A jihar Ilinoi nake, inda aka riga aka sha wannan romon bakan. A 2009 gwamna Pat Quinn ya sa hannu a dokar da ta halatta injinan a mashayu da gidajen abinci. Gwamnati har bashi ta ciwo da sunan kuɗin da za su shigo, amma injinan ba su fara aiki ba sai 2012. Rabon da aka fara da shi kuma ga shi: kashi 25 cikin ɗari na jiha, kashi 5 kacal na ƙaramar hukuma, ragowar mai injin da mai mashaya su raba. Biyar fa! Wannan ce garaɓasar da kake wa ƙananan hukumomi tallarta.

Maganar ilimi ma ta fi ban haushi. Kason jiha daga injinan nan asusun gine-gine da hanyoyi aka tura shi, ba makarantu ba. Harajin manyan gidajen caca ne yake shiga asusun ilimi, su kuma da mutane suka ga ga inji a bakin layinsu sai suka rage zuwa can. Kafar binciken labarai ta ProPublica da gidan rediyon WBEZ sun bankaɗo wannan a 2019: kuɗin ilimin raguwa ya yi. A lokacin injinan sun haura 30,000, kuma sun fi yawa a garuruwan marasa ƙarfi. Me aka yi da jin haka? A shekarar aka ƙara inji daga biyar zuwa shida a kowane wuri, aka ɗaga abin da ake zubawa a bugu ɗaya daga dala 2 zuwa 4.

Tambayata ɗaya ce, kuma babu wanda ya amsa ta a ƙarƙashin bidiyon: kuɗin daga aljihun wa zai fito? Inji ba ya noma, ba ya saƙa. Abin da mutum ya zuba ya rasa, shi ake kira kuɗin shiga. Akwai wani da muke aiki tare, ana biyanmu ranar Juma'a, kafin Litinin yana neman aron kuɗin mai. 'Ya'yansa biyu. Na taɓa kai shi gida, na ga yarinyar ta fito da gudu tana tambayarsa ko ya sayo mata takalmin. Har yau abin yana raina. A kwashe kuɗin takalmin yarinya, a ba ta kashi kaɗan a matsayin alli, a ce ta gode.

Za su ce ai babu wanda aka tilasta. To, tarko ma ba ya tilasta tsuntsu. Za su ce ai ana yi a ɓoye, gara a halatta a karɓi haraji. Sata ma ana yi a ɓoye, a buɗe mata ofis mana. Masu cewa ustazanci ne ke damuna, ku lura ko ayar Suratul Ma'ida ban jawo ba tukuna, lissafi kawai nake yi. Gwamnatin da kasafinta ya dogara da asarar talakanta, addu'arta kullum ita ce kada ya daina.

Kuma a ce a ƙasar da kuɗin ƙananan hukumomi sai da aka je Kotun Ƙoli kan a riƙa ba su kai tsaye, a nan ne kashi biyar ɗin zai isa aji? A ba kura ajiyar nama kenan.